Ciwon Sukari Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Yadda Ake Rarrabe Nau'o'insa a Gaban Majiyyaci

Jawabin da kwamitin kiwon lafiya ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Kwamitin shirya taro ya nemi mu, 'ya'yan wannan gari da ke aikin asibiti, mu yi bayani a kan ciwon sukari. Da muka zauna muka yi shawara, sai muka ga maganar abinci da motsa jiki an sha yin ta a gidajen rediyo, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali kuwa ita ce ta farko da ya kamata a amsa a ranar da aka ce mutum yana da wannan ciwo, wato wane iri ne? Za a iya kwantar da mutum biyu a ɗaki ɗaya, a rubuta musu sunan cuta ɗaya a kati, amma ɗaya ya yi shekara ashirin yana harkokinsa da ƙwayar magani kawai, ɗayan kuwa in aka hana shi allura na 'yan kwanaki sai dai a ɗauki gawarsa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A nan ne muke son mu tsaya yau.

Kafin a yi maganar iri, dole a tabbatar akwai ciwon. Duk abin da muka ci na tuwo da shinkafa da fura da burodi yakan rikiɗe ya zama sukari a cikin jini, kuma sukarin nan ba ya shiga tsokar jiki ya zama ƙarfi sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, mai suna fankiriyas, take samarwa. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko kuma jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini har ya malala cikin fitsari. Ganin tururuwa a wurin da mutum ya yi fitsari alama ce da iyayenmu suka daɗe da sani, amma asibiti da awon jini take aiki. Wanda ya kwana bai ci komai ba na aƙalla awa 8, in aka sami miligiram 126 ko fiye a kowace desilita ta jininsa, yana da ciwon. Haka nan wanda aka ba giram 75 na sukari ya sha, bayan awa 2 aka sami 200 ko fiye; haka kuma wanda ke fama da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, aka auna shi a kowane lokaci aka sami 200 ko fiye. Wanda ba shi da wata alama a jiki sai an maimaita awon kafin a yanke masa hukunci. Wasu na'urorin da ma'aunin milimol suke ba da sakamako, a wurinsu 126 shi ne 7.0, kuma 200 shi ne 11.1. A ninka adadin milimol sau 18 a sami na miligiram. Mun faɗi wannan ne saboda mun sha ganin mutum ya kwantar da hankalinsa don na'ura ta nuna masa 15, bai san cewa 270 ke nan ba.

Akwai kuma awon da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2011 cewa kashi 6.5 cikin 100 ko fiye ya isa shaida. Sai dai a ƙasarmu a yi hattara da shi, domin ga mai amosanin jini, da mai tsananin ƙarancin jini, da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, sakamakonsa na iya ɓatar da likita.

Duk waɗannan alƙaluma sun gaya mana akwai ciwo ne kawai. Babu ɗayansu da ya faɗi irinsa.

An gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa a watan Janairu na 1922, wani yaro mai suna Leonard Thompson. Bayan shekaru kaɗan likitoci suka lura cewa wasu majiyyata insulin kaɗan ke sauke musu sukari, wasu kuwa sai an yi ta ɗura musu. A 1936 wani likitan Ingila, Harold Himsworth, ya rubuta cewa ciwon kashi biyu ne, na masu jin insulin da na marasa jinsa. Daga nan aka yi ta canza sunaye. An ce ciwon yara da na manya, an ce mai dogaro da insulin da marar dogaro da shi, sai a 1997 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta watsar da waɗannan sunaye ta tsaya a kan nau'i na ɗaya da nau'i na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1999. Dalilin watsar da su shi ne ainihin darasinmu: shekarun mutum da irin maganin da yake sha ba su isa su bayyana abin da ya lalace a jikinsa ba.

Nau'i na biyu shi ne wanda kowa ya sani, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon sukari shi ke gare su. A nan fankiriyas na samar da insulin, amma jiki ya yi masa taurin kai, ita kuma ta yi ta ƙoƙari har ta gaji. A ce ga magidanci ɗan shekara 50, mai teɓa, yana zaune a shago daga safe zuwa dare, mahaifiyarsa ta yi ciwon, yayansa ma yana da shi, ga hawan jini. Ciwon yakan shigo masa a sace, ya yi shekaru bai sani ba, har sai gyambo ya ƙi warkewa a ƙafa, ko maruru ya yi ta fitowa, ko ido ya fara gani dishi-dishi, ko tafin ƙafa ya riƙa zafi da dare kamar an zuba barkono. Ga mata sau da yawa ƙaiƙayin gaba da ya ƙi jin magani ne ke kai su asibiti. Akwai wata alama da muke son iyaye su riƙe: fatar ƙeya ko ta hammata ta yi baƙi ta yi kauri da laushi kamar karan-miski. Ba dauɗa ba ce, kuma soso ba ya fitar da ita. Shaida ce ta cewa jiki ba ya jin insulin. Faɗin ƙugu ma ma'auni ne: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, daga nan haɗari ke ƙaruwa. Irin wannan majiyyaci in aka ba shi metformin, ya gyara cimarsa, ya riƙa tattaki, sukarinsa yakan sauka.

Nau'i na ɗaya kuwa wani abu ne daban. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta karya ƙwayoyin da ke samar da insulin, har a wayi gari babu shi. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba, kuma babu laifin uwa a ciki. A ce ga yarinya 'yar shekara 11, siririya, cikin mako biyu ko uku ta fara shan ruwa kamar raƙumi, tana tashi fitsari sau biyar a dare, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari, tana ci amma tana zubewa. Da yake jikinta ba ya iya amfani da sukari, sai ya koma ƙona kitse, ƙonawar nan kuma ta haifar da wani sinadari mai tsami da ake kira kiton. Idan kiton ya taru sai amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi da sauri kamar wadda ta yi gudu, da wani ƙamshi-ƙamshi a baki kamar na 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, sai magagi, sai suma. A wannan gaɓa ce muke asarar yara. Zazzaɓin cizon sauro da taifod su ne ke fara zuwa zuciyar kowa, sai a yi ta allurai a kemis, wani lokaci ma a ɗaura ƙarin ruwa mai sukari, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa zai bayyana gaskiya cikin daƙiƙu kaɗan. Ra'ayinmu shi ne, duk yaron da aka kawo yana amai da rama da numfashi sama-sama, ko a sume, a auna sukarinsa kafin a ɗaura masa komai.

Ke nan abubuwan da likita ke dubawa a gaban majiyyaci su ne shekarun da ciwon ya fara, da yanayin jiki, da saurin zuwan alamu, da samun kiton a fitsari ko a jini, da tarihin dangi, da yadda jiki ya karɓi ƙwayar magani. Yanayin jiki ana lissafa shi ne da raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita da aka ninka sau kansa. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.7 zai sami kimanin 24. Ƙasa da 25 tare da saurin rama da kiton na karkata zuwa nau'i na ɗaya, musamman in majiyyaci ko danginsa na da wata cutar garkuwar jiki, kamar wasu cututtukan maƙoƙo ko ciwon da ke ɗashe fata dabbare-dabbare. Ciwon da ya bi gida ya kama uwa da kawu da yayye ya fi kama da nau'i na biyu. Ba a ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan a yanke hukunci da shi kaɗai. Haɗa su ake yi a auna, kamar yadda alƙali ke sauraron shaidu.

Shekaru su ne shaidan da ya fi yaudara. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa cikin waɗanda nau'i na ɗaya ya kama kafin shekara 60, kashi 42 cikin 100 bayan sun wuce shekara 30 ne ya kama su. Matsalar ita ce a waɗannan shekaru masu nau'i na biyu sun yi yawa ƙwarai, sai mai nau'i na ɗaya ya ɓace a cikinsu. Wani kuma garkuwar jikinsa a hankali take cin fankiriyas, ya yi watanni ko 'yan shekaru ƙwaya na yi masa aiki, daga baya ta daina. Wannan shi ake kira LADA. Saboda haka babban mutum marar ƙiba, wanda ke shan maganinsa bisa ƙa'ida amma sukari ya ƙi sauka, yana ta rama, cikin shekara biyu ko uku an ƙure masa ƙwayoyi, bai kamata a yi ta zarginsa da satar cin zaƙi ba. A sake duba irin ciwonsa. A ɗaya ɓangaren kuma, yanzu ana samun samari da 'yammata masu ƙiba da baƙin ƙeya ɗauke da nau'i na biyu tun suna makarantar sakandare.

Akwai wani iri da ya shafe mu kai tsaye, mu baƙar fata. A 1968 Farfesa Babatunde Kwaku Adadevoh, mahaifin Dakta Stella Adadevoh wadda ta rasu a 2014 wajen tare cutar Ebola a Legas, ya wallafa bayani a kan wasu manyan mutane 'yan Nijeriya da ciwon sukari ya kama su da tsanani, daga baya kuma ya lafa, har ya kira shi ciwon sukari na wucin gadi. An sake ganin irinsa a tsakanin baƙar fatar unguwar Flatbush da ke birnin New York, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi gurbi a jadawalinta da sunan nau'i na biyu mai saurin tara kiton. Yawanci namiji ne matsakaicin shekaru, mai ɗan jiki, a kawo shi a galabaice da kiton kamar mai nau'i na ɗaya, a ceto shi da insulin, bayan makonni ko watanni fankiriyas ta farfaɗo, a yaye shi daga allura ya koma ƙwaya. Ciwon yakan iya dawowa, don haka ba a sallamarsa daga zuwa asibiti.

Muna roƙon a saurari abin da zai biyo baya da kyau, domin nan ne ake ruɗuwa. Mai nau'i na ɗaya na gaskiya shi ma yakan sami ɗan sauƙi a watannin farko bayan an fara masa insulin, buƙatarsa ta allura ta ragu sosai, saboda ragowar ƙwayoyin da ba su mutu ba sun sami hutu. Sauƙin nan ba ya ɗorewa. A daidai wannan lokaci ne ake kawo wa iyaye jiƙo da saiwoyi, a ga sukari ya daidaita, a ce an warke, a jefar da allura, bayan 'yan watanni a dawo da yaro a sume. Daga waje mutanen nan biyu kamarsu ɗaya, kowanne ya zo da kiton, kowanne ya sami sauƙi. Likita ne kaɗai zai rage allura, a hankali, yana auna sukari da kiton a kowane mataki, har ya gane wanne ne a gabansa.

Inda hali ya samu, akwai awo biyu da ke taimakawa. Na farko yana neman alamun farmakin garkuwar jiki a cikin jini, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne GAD. Samunsu na nuna nau'i na ɗaya. Na biyu, si-feftaid, yana auna yawan insulin da jikin mutum ke samarwa da kansa, ko da kuwa yana yin allura, kuma ya fi ba da amsa sosai bayan ciwon ya yi 'yan shekaru. Sai a manyan asibitoci da manyan ɗakunan awo ake samunsu, kuma da tsada. Ban da haka, rashin alamun garkuwar jiki ba ya nufin a ajiye insulin. Binciken da aka yi a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2025, ya gano cewa kimanin kashi 65 cikin 100 na yara da matasan da aka ce suna da nau'i na ɗaya ba su da waɗannan alamu, amma duk da haka insulin ɗin jikinsu ya yi ƙaranci ƙwarai. Littattafan da muka karanta a makaranta a kan Turawa aka rubuta yawancinsu, kuma sai yanzu ake fahimtar inda namu ciwon ya sha bamban.

Wannan ya kawo mu ga ciwon sukarin da ke da nasaba da tamowa. An fara bayyana shi a Jamaika a 1955, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jadawali a 1985, ta cire shi a 1999 saboda ƙarancin hujja, sai a watan Afrilu na 2025 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi a taronta na Bangkok da sunan nau'i na biyar, ko da yake har yanzu masana na muhawara a kansa. Matashi ne ramamme ƙwarai, wanda ya sha yunwa tun yana ciki ko yana ƙarami, sukarinsa ya yi sama sosai amma ba ya saurin tara kiton. Hatsarinsa shi ne in aka ɗauke shi mai nau'i na ɗaya aka yi masa insulin da yawa, ga shi babu wadataccen abinci a gida, sukari zai iya faɗuwa ya hallaka shi. A yankin da muke ganin yara masu tamowa kowace damina, wannan ba labarin nesa ba ne.

Ga iyayenmu mata, akwai ciwon sukarin goyon ciki. Ba ya zuwa da wata alama, sai an neme shi a wurin awon ciki tsakanin mako na 24 da na 28, kuma ma'auninsa ya fi na sauran mutane tsauri, domin 92 da safe kafin cin abinci ya isa. Yakan sa jariri ya yi girma fiye da kilo 4, naƙuda ta yi wuya. Yawanci yakan tafi bayan haihuwa, amma a sake awo bayan mako 6 zuwa 12, a kuma ci gaba da yi lokaci-lokaci, saboda matar da ta yi shi tana cikin haɗarin kamuwa da nau'i na biyu nan gaba. Wadda aka sami sukarinta ya kai 126 tun a farkon ciki kuwa, mai yiwuwa da ciwonta ta shiga cikin.

Sauran nau'o'in ba su da yawa, za mu taɓa su a gurguje. Ciwon da ya bi kaka da uba da ɗa, kowanne kafin shekara 25, ba ƙiba ba kiton, yana iya zama na gadon ƙwayar halitta guda, wanda ake kira MODY, kuma wasu irinsa ƙaramar ƙwaya ce maganinsu. Jinjirin da ya kamu kafin wata 6 kusan kullum matsalar ƙwayar halitta ce. Mai daɗaɗɗen ciwon ciki da bayan gida mai maiƙo, a duba fankiriyas ɗinsa ko ta yi tsakuwa. Sai wanda muke jawo wa kanmu: magunguna irin su desametason da furedinisolon, waɗanda wasu 'yammata ke saye a kemis domin su yi ƙiba, wasu kuma ke sha don ciwon gaɓoɓi ba tare da takardar likita ba, suna ɗaga sukari matuƙa. Duk wanda aka gano yana da ciwon sukari ya faɗa wa likita dukkan abin da yake sha da wanda yake shafawa.

To, idan an duba duk shaidun nan aka kasa tantancewa fa? Ƙa'idar da muke bi ita ce, wanda ya zo da kiton ko saurin rama, a fara masa insulin, a ci gaba da nazari. Wanda aka yi wa allura alhali ƙwaya ta ishe shi, ya sha wahala ya kashe kuɗi, kuma ana iya gyarawa in an gane. Wanda aka ba ƙwaya alhali allura yake buƙata, mai yiwuwa ba za a sami damar gyara ba. Haka kuma mai nau'i na biyu da aka mayar kan insulin bayan shekara goma ko goma sha biyar bai koma nau'i na ɗaya ba, fankiriyas ɗinsa ce ta gaji, kuma allurar ba alamar ajali ba ce kamar yadda ake faɗa a gari. Sanin iri yana da amfani har a watan azumi, domin shawarar da likita zai ba mai shan metformin kaɗai ta bambanta da wadda zai ba mai nau'i na ɗaya, wanda haɗarinsa ya fi girma nesa ba kusa ba.

Mai girma shugaban taro, a madadin kwamitin kiwon lafiya muna gabatar wa ƙungiya buƙata, kuma ba mai tsada ba ce in aka kwatanta da ginin aji ko haƙa rijiyar burtsatse. Muna roƙon a saya wa kowane ɗakin shan magani na gundumominmu na'urar awon sukari, tare da tanadin tsinkayenta na shekara guda, domin na'ura ba tsinke ado ce kawai a kan tebur. A haɗa da tsinken awon kiton a fitsari, da sikeli, da tef na awon ƙugu. Mu kuma mun ɗauki alkawarin zuwa mu horar da ma'aikatan a kan abin da muka bayyana yau, mu kuma buɗe rajistar yaran da ke kan insulin, domin a san gidajen da za a riƙa tallafa wa da allura da wurin ajiye ta a cikin sanyi, ko da randar ƙasa ce inda babu wutar lantarki. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, kuma muna fatan kafin ta zagayo kayan sun iso, a yi awon farko kyauta a ƙofar fada. Takardar ƙiyasin kuɗin tana hannun sakataren ƙungiya ga duk mai son dubawa.